Ko Ya Dace A Yi Yawon Shan Iska Inda Aka Zub Da Jini?

A gabashin Ingila, a bakin teku, akwai wani zirin ƙasa mai tsakuwa wanda a ke kira Orford Ness. Tsawonsa ya kai mil 10. Kogi ya raba shi da tudu ta gefe guda, teku kuwa tana dukansa ta ɗaya gefen. Tun zamanin Yaƙin Duniya na Farko soja suka kame wurin, suka hana kowa shiga, suka yi ta gwajin jefa bom daga jirgin sama. Nan ne a 1935 aka gwada na'urar nan mai hango jirgin abokan gaba tun yana nesa, wadda a ke kira rada. Bayan Yaƙi na Biyu kuma suka gina waɗansu ɗakuna masu kaurin bango, inda su kan jijjiga kwanson bom ɗin nukiliya, su gasa shi, su sanyaya shi, don su ga ko zai jure wahala. Ba su bar wannan aiki ba sai a 1971.

A 1993 wata ƙungiya mai kula da wuraren tarihi, National Trust, ta sayi wurin. Ba ta rushe ɗakunan gwajin ba, ba ta kuma sabunta su ba, sai ta bar su iska da gishirin teku suna cinsu sannu sannu. Tsuntsayen ruwa suka sami wurin sheƙa, zomaye suka yawaita. Ƙaramin jirgi ya kan ƙetar da baƙi, su bi hanyoyin ƙafa da aka shata musu, an kuwa gargaɗe su kada su kauce, gama akwai sauran harsashi da bom waɗanda ba su fashe ba cikin tsakuwa. Har hasumiyar fitila da aka gina a 1792 don shiryar da jiragen ruwa, sai da aka sauke ta a 2020, sabo da teku ta cinye ƙasar da ke gabanta.

To, ga tambayar da ta isa mai hankali ya tsaya a kanta. Wurin da aka ƙera kayan kisa, ko aka gwabza yaƙi, ko aka zub da jinin bayin Allah, daidai ne a keɓe shi, a bar itatuwa da tsuntsaye su mamaye shi, mutane su riƙa zuwa suna kewayawa? Ko kuwa abin da ya fi shi ne a sa garma a nome shi, a huta da tunawa?

KUFAN GIDA

Mai karatu a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ya iya cewa wannan zancen Turawa ne, su da ke da teku da kuɗin ɓatarwa. Amma in ya waiwaya zai ga ƙasarsa cike ta ke da irin waɗannan wurare.

Wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya mai da shi kufai. Alƙalawa, birnin da Gobirawa suka kafa bayan wannan nasara, ita ma ba ta kai shekara 50 da ƙarfinta ba: a 1808 rundunar jihadi ta ci ta, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Surame, birnin Kanta na Kabi, wanda aka kewaye da ganuwar duwatsu, mutanensa sun tashi sun bar shi wajen shekara 300 da suka wuce, daji ya rufe shi, sai a 1964 Gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi da doka ta tsare. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara, a 1805 kuma jama'arsa suka yi sansani a Sabon Gari cikin wannan ƙasa, daga can aka tashi aka ci Birnin Kabi. A 1891, farkon sarautar Sarkin Musulmi Abdurrahman, Mafara ta saɓa da Sakkwato, ta kuwa sha wuyar abin.

Wannan duk labarin kaka da kakanni ne. Akwai wanda ya fi shi kusa. Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya bi ta Gusau, an datse shi a Bakolori, aka gama madatsar a 1978. Tsawon datsiyar ya wuce mil 3, tafkin da ya taru a bayanta ya rufe eka wajen 20,000. Nufin aikin alheri ne, watau a sami ruwan noman rani a ƙasar Sarkin Mafara da ta Sarkin Burmin Bakura da ta Sarkin Kayan Maradun, har yau kuwa dubban gidaje suna cin shinkafa da kayan lambu albarkacinsa. Amma ruwan nan ya kwanta bisa gidaje da gonaki da fadamu da makabartu. Aka ta da dubban mutane, aka kai su tudu mai ƙarancin albarka. Waɗanda ke ƙasa da madatsar kuma aka hana su noma shekaru, kafin a gama baje gonaki da haƙa magudanu. Diyya ta yi jinkiri, wadda ta zo kuma ba ta kai hannun kowa da kowa ba. Manoma suka tare hanyoyi, suka tsai da aiki. A ƙarshen watan Afrilu na 1980 aka aiko da 'yan sanda, suka buɗe wuta a kan ƙauyukan yankin. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne.

Ashe ke nan mutanen wannan yanki suna da nasu bakin ruwa. Da maraice masunta su kan fito da komarsu, balbelu su kan sauka, iska mai sanyi ta kan taso daga tafki. Wanda bai san labari ba zai ce bai taɓa ganin wuri mai kwanciyar rai kamarsa ba. Tambayar nan ta Ingila ta iso gida.

MASU CEWA A BARI

Masu ƙin wannan al'ada suna da hujjoji, ba kuwa na banza ba.

Dattijo ya ce: kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Zamfarawa da Gobirawa da Kabawa da Fulani sun yi auratayya, suna sallah sahu ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya. In aka kai yaro bakin ganuwa aka nuna masa inda kakan wane ya kashe kakansa, me aka shuka a zuciyarsa? Miki da ya yi ɓawo ba a sosa shi.

Manomi ya ce: ƙasa ta abinci ce. Mutane sun yi yawa, gona ta tsuke, gado ya rarrabu har ɗan'uwa na shari'a da ɗan'uwansa a kan kunya 10. Ina dalilin a killace fili sabo da tsuntsu da matacce, alhali mai rai yana kwana da yunwa?

Malami ya ce: wurin da aka zub da jini ba dandali ba ne. In samari suka tafi da rediyo da rake, suna shewa bisa ƙasar da ta rufe mutane, an wulakanta matattu, an kuma ƙeƙasar da zukatan masu rai.

Na huɗu shi ya fi su zafi, shi ne uban da aka taɓa sace wa ɗa. Tun wajen 2011 dazuzzukan Zamfara suka fara zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu ɗaukar mutane don neman fansa. Ran 26 ga Fabrairu, 2021, aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Mafara. A watan Agusta na shekarar nan aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ran 1 ga Satumba kuma aka ɗebi ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun. Duk daji aka nufa da su. Uban nan ya ce: wane irin mutum ne zai zo yana yaba wa daji a gabansa? Da so samu ne, da an sare kowane itace daga nan har Sububu.

Wanda zai amsa waɗannan maganganu, wajibi ne ya amsa su ɗaya ɗaya, ba da gaggawa ba.

TUNAWA IRI BIYU CE

Maganar dattijo tana da gaskiya rabi. Akwai tunawa ta ramuwa, wadda mutum ke ajiye ta kamar garwashi cikin toka, yana jiran ranar iska. Akwai kuma tunawa ta lura, wadda Hausawa suka yi wa kirari da cewa waiwaye adon tafiya. Kuskuren dattijo shi ne da ya zaci shiru yana kashe ta farko. Ba ya kashe ta. Labarin da aka hana faɗi a fili ba ya mutuwa, sai ya koma ɗaki, uwa ta raɗa wa ɗanta da dare, kowane gida da irin nasa, kowa kuma ya mai da kakansa mai gaskiya, kakan maƙwabci azzalumi. Amma in labarin yana da wuri sananne, wanda kowa ke iya zuwa ya tsaya, ana faɗinsa da rana a gaban kowa, to, maƙaryaci ya kan ji nauyin ƙari.

Ƙasar Hausa ta san wannan magani tun dā. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi, da na Gobirawa da Yarabawa, ba mantuwa ba ne. Kowa na tuna wa ɗan'uwansa tsohon zance, har ya kira shi bawansa, a yi dariya a rabu lafiya. An tuna, amma an zare dafin. Kabi da Sakkwato sun yi kusan shekara 100 suna gaba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa su a bakin gulbi don girmamawa, daga nan bikin kamun kifin nan ya samo girman da duniya ta san shi da shi. A garin nan kuma, tun 1958, tsohuwar fada ta zama gidan ajiye kayan tarihi, ga masu da takubba da sulke na yaƙin da aka yi, jikokin ɓangarorin biyu suna shiga suna kallo tare. Ba a ji wanda ya fito daga can ya wasa takobi ba.

Faransa ma ta bi wannan hanya. A Verdun, cikin 1916, Faransawa da Jamusawa suka yi wata 10 suna fafatawa, mutum wajen 300,000 suka halaka. Ƙauyuka 9 suka rushe ƙurmus. Guda 6 daga cikinsu ba a sāke gina su ba, aka bar daji ya tsiro, amma ba a shafe sunansu daga littafin hukuma ba, har yau a kan naɗa wa kowanne shugaba ko da ya ke ba mazauni ko ɗaya. A ƙauyen Fleury an shata hanya cikin itatuwa, an kakkafa alamu: nan makaranta ta ke, nan gidan mai burodi, nan maƙera. A 1984 shugaban Faransa Mitterrand da na Jamus ta Yamma Kohl suka tsaya a wannan fage suka riƙe hannun juna. Da an nome wurin an manta, da ba su sami inda za su tsaya ba.

Abin mamaki, Nijeriya ta iya tuna wurare masu nisa. Mazan jiya da suka yi yaƙin Bama, suka sha fama a gaɓar tekun Arakan a 1944 da 1945, an sa wa barikoki sunayen da ke tuna aikinsu, kamar Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya. Wannan ya yi kyau. Sai dai wanda ya tuna Bama bai kamata ya manta Bakolori ba.

HAƘƘIN MAI GONA

Manomi kuwa ba a amsa masa da wa'azi, sai da lissafi da adalci.

Ta wajen lissafi, abin da a ke bukata kaɗan ne: bakin ganuwa, da makabarta, da zirin itatuwa a gefen ruwa. Wannan kuwa ba asara ba ne gare shi. Saiwar itace ita ke riƙe gaɓa. In aka sare, damina ta kan kwashe ƙasa ta zuba cikin tafki, laka ta taru, ruwan da zai kai rani ya ragu, magudanu su toshe. Wanda ya fara jin jiki shi ne mai shinkafa a ƙarshen magudana. Kakanni sun san haka, shi ya sa kowane gari ya ke da hurumi wanda ba mai noma shi, da burtali, da kurmi inda ba a sa gatari.

Ta wajen adalci, nan ne maganar ta yi nauyi. Keɓe ƙasa don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne ga Musulunci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina sabo da dawakin Musulmi. Sayyadina Umar ya keɓe Rabaza. Amma da ya naɗa mai tsaro, sai ya umurce shi ya tausaya wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan ya shiga, ya tare garkunan attajirai, gama attajiri in dabbobinsa sun mutu yana da gonar dabino da zai koma, talaka kuwa ba shi da kome.

Wannan shi ne ma'auni. Abin da ya jawo masifar 1980 ba ruwa ba ne, ba kuma noman rani ba. Karɓar ƙasa ne ba da shawarar masu ita ba, da jinkirin biyan haƙƙi. In wata rana hukuma ta zo ta ce za ta keɓe bakin tafki don tunawa da waɗanda aka zalunta, sa'an nan ta kori masunci, ta hana makiyayi mashaya, ta ƙwace lambun gwauruwa ba diyya, to, ta maimaita laifin da ta ce tana nadamarsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wurin tunawa da aka kafa bisa zalunci, sabon miki ne aka yi kusa da tsoho. Sabo da haka sharaɗi na fari shi ne yardar mutanen wurin, na biyu kuma su ne za su zama masu tsaro da masu ja-gora, abin da aka samu kuma ya shiga aljihunsu.

LADABIN BAƘO

Malami ya faɗi gaskiya game da shewa, amma abin da ya hana rashin ladabi ne, ba ziyara ba. Alƙur'ani mai girma ya yi ta kiran mutane, a wurare da dama, su zaga ƙasa su lura da yadda al'ummun farko suka ƙare. Ziyarar kaburbura an hana ta da fari, daga baya aka yi izni, domin tana tuna wa mutum lahira. Manzon Allah ya kan ziyarci shahidan Uhudu, su 70 da suka kwanta dama a shekara ta 3 bayan Hijira, ya yi musu addu'a. Amma sa'ad da ya bi ta Hijir, kufan Samudawa, a kan hanyar Tabuka cikin shekara ta 9, ya hana sahabbai shiga gidajen nan sai fa suna masu kuka, ya lulluɓe kansa, ya yi sauri har ya fita daga kwarin. Wuri biyu, hali biyu, amma darasin guda ne: kufai yana da haƙƙi a kan mai wucewa, haƙƙin kuwa shi ne kada ya wuce da zuciya wofi.

Wannan bai hana mutum jin daɗin iska da kukan tsuntsaye ba. Wanda ya ga kuka ta tsiro a tsakar fadar sarkin da dā ba a iya ɗaga ido a dube shi, ya ga gauraka na kiwo inda dawaki suka yi sukuwa, ya karanta wa'azin da ba malamin da zai iya yi masa irinsa. Gani ya kori ji. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Birnin Zamfara ya faɗi a hannun Gobir, Alƙalawa ta faɗi a hannun wani, wanda ya ci ta shi ma Turawa suka ci birninsa a 1903. Mai mulki da ya tsaya a kufai ya yi wannan lissafi, da wuya ya koma gida ya danne talaka da sauƙin zuciya irin na jiya.

Ladabin kuwa ba shi da wuyar riƙewa. Baƙo ya fara gai da mutanen gari ya nemi izni. Ya yi wa matattu addu'a, ba tare da ya tsaya tantance na wane ɓangare ne ba, gama hisabinsu ba a hannunsa ya ke ba. Ya bi hanyar da aka nuna masa, kada ya ratsa shuka. Kada ya ɗauki dutsen ganuwa ya kai gida ya yi murhu, ko ya tsinci kan kibiya ya sa aljihu. In kowane baƙo ya ɗauki ɗaya, jikansa zai tarad da fili fetal. Kada ya sa wuta, kada ya harbi tsuntsu a kan ƙwai. In kuwa da yaro ya zo, ya gaya masa labarin duka, har da inda nasu suka yi kuskure.

DAJIN TSORO DA DAJIN AMANA

Saura uban nan mai baƙin ciki. Shi ba a yi masa gardama. Duk wanda zai ce wa mutum ya ɗauki iyalinsa ya tafi shan iska inda 'yan bindiga ke yawo, ba masoyinsa ba ne. Rai ya fi kallo.

Amma akwai abin da ya kamata a rarrabe. Tsakanin Koriya ta Arewa da ta Kudu akwai wani ziri mai tsawon mil wajen 160, fāɗinsa mil 2 da rabi, wanda aka shata a 1953 sa'ad da aka tsai da wuta. An binne nakiyoyi a ciki, soja na tsaye ta kowane gefe. Da ya ke mutum ba ya shiga, daji ya murmure, tsuntsaye dangin gauraka waɗanda suka yi ƙaranci a duniya su kan sauka can kowace shekara. Mai kallo daga nesa zai ce aljanna ce. Alhali kuwa abin da ya tsare ta tsoro ne, akwai kuma tsofaffi da suka mutu ba su sāke ganin 'yan'uwansu na ƙetare ba. Haka nan gonakin da aka gudu aka bari a Zamfara: sabara da geza sun tsiro, wataƙila namun daji sun ƙaru, amma ba mai hankalin da zai kira wannan albarka.

Ashe kyaun daji kaɗai ba shaida ba ne. Daji iri biyu ne. Akwai wanda tsoro ya tsare, akwai wanda amana ta tsare. Na farko ba shi da mai shi, ba hanya, ba mai tambayar wa ya shiga wa ya fita. Na biyu yana da iyaka sananniya, da mai gadi wanda a ke biya a kan kari, da hanyoyin da sawu bai ɗauke a kansu ba: mai itace, da mai zuma, da makiyayi, da ɗan makaranta, da baƙo. Ɓarawo ba ya son inda ido ya yi yawa. A zamanin En'e gandun daji yana da malamin daji da ma'aikatansa, sarkin yanki ya san kowace ruga da ardonta. Da wannan tsari ya yi rauni, aka cinye burtali, aka rufe mashaya, ƙararraki suka daina samun adalci, sai dajin ya zama na wanda ya fi ƙarfi. Itace bai taɓa ɗaure kowa ba. Da za a sare shi duka, da ɓarawo ya koma dutse da kwazazzabo, a bar talaka da zaizayar ƙasa da iskar hamada bisa wahalar da ya ke ciki.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Aikin da ke gaban mutanen wannan zamani shi ne su kai kunyar gida cikin daji, watau doka da sanayya da riƙon amana, har tsoro ya rasa wurin zama. Wata rana, in Allah ya yarda, sansanonin 'yan bindiga su ma za su zama kufai. Ran nan tambayar da aka fara da ita za ta dawo sabuwa: a nome a manta, ko a keɓe a tuna? Al'ummar da ba ta koyi tuna 1980 da adalci ba, da wuya ta iya tuna 2021 ba da ramuwa ba.

AIKIN MAI ALƘALAMI

Amsar tambayar ke nan: ya dace, amma da sharaɗi uku. A faɗi labarin duka, ba rabi ba. A keɓe wurin da yardar masu shi, ba da ƙarfi ba. A shige shi da ladabi, ba da shewa ba. In ɗaya ya faɗi, sauran biyun ba su tsayawa.

Shata hanya da kafa alamu da ɗaukar masu gadi aikin hukuma ne, sai kuma ƙasa ta lafa. Amma akwai aikin da ba ya jiran kowa, wanda kuma ya fi kowanne gaggawa. Saurayin da ke da shekara 20 a 1980 yanzu ya haura 60. Tsofaffin da suka san inda kasuwa ta ke kafin ruwa ya rufe ta, da sunan kowace fadama, da rijiyar da ba ta ƙafewa, da wanda ya fita ran nan bai komo ba, kullum raguwa su ke yi. Duk wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci yana da abin da kakansa bai samu ba. Littafin rubutu guda da fensir sun isa. Ya zauna gaban tsoho ko tsohuwa bayan la'asar, ya yi tambaya da ladabi, ya rubuta sunan gari, da unguwanninsa, da itatuwan da ke bakin ƙofa, da sunayen mamata. Ya rubuta abin da aka gaya masa yadda aka faɗa, kada ya ƙara gishiri. In ya ji bakin Bazamfare, ya nemi na Bafillace. In ya ji na manomi, ya nemi na tsohon ma'aikaci. Sa'an nan ya adana littafin inda gara ba ta kai, ya nuna wa malamin makaranta da limamin unguwa don a kwafa.

Ran da za a zo kafa alamu a bakin tafki, waɗannan littattafai ne za a nema. In ba su, sai a rubuta abin da mai ƙarfi ya ga dama.

Ma'aunin zaman lafiya a wannan yanki ba wuyar ganewa gare shi ba. Shi ne ranar da mace za ta goya ɗanta ta kama hannun wansa, ta taka daga Maradun zuwa bakin ruwa, ta nuna musu inda gidan kakansu ya ke a ƙarƙashin tafki, su yi addu'a, su kalli masunta, su komo gida kafin magariba ba wanda gabansa ya faɗi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya nuna wa ƙasar Zamfara wannan rana. Amin.